Kilo Nawa Ya Kamata Mai Ciki Ta Ƙaru?

Ranar awo, tun da hantsi bencin ƙofar ɗakinmu yake cika. Mata na zaune da katinsu a hannu, wasu sun yi sammako daga ƙauye a kan amalanke, wasu da ƙafa. Abu na farko da muke ce wa kowace mace shi ne ta tuɓe takalmi ta hau sikeli. Da yawa sun ɗauka wannan al'adar asibiti ce kawai, a hau, a sauka, malama ta rubuta wani abu. Alhali lambar nan da ake rubutawa tana cikin abubuwan da suka fi gaya mana halin da uwa take ciki, ita da abin da ke cikinta.

Wata rana cikin damina wata yarinya mai cikin fari ta hau sikelin. Cikinta wata bakwai. Muka duba katinta: a wata na huɗu tana da kilo 49, yau kuma kilo 50. Wata uku cur, kilo ɗaya tak. Uwar mijinta ce ta rako ta, sai muka kira ta ciki.

"Inna, yarinyar nan tana cin abinci kuwa?"

"Tana ci, malama, daidai gwargwado. Ni ce ma nake hana ta cika ciki. Dube ta fa, ƙugunta ƙarami ne. In ɗan ya yi girma a ciki, ta ina zai fito? Na ga abin da ya sami ɗiyar ƙanwata. Kwana uku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma har yau fitsari bai tsaya mata ba."

Tsohuwar nan ba don mugunta ta yi ba, ba kuma don rowa ba. Tsoro take ji, kuma abin da ta gani da idonta abin tsoro ne. Mun ji irin wannan magana daga bakin iyaye mata ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, Musulmi da Kirista. Wannan ɗan littafi amsa ce gare ta, da duk wanda yake da mai ciki a gida.

Ina nauyin yake tafiya?

Mutane da yawa suna zaton duk abin da mai ciki ta ci, jariri yake tafiya wa. Ba haka ba ne. A ce mace ta ƙaru da kilo 12 daga shigar ciki zuwa haihuwa, wato kusan nauyin tiya biyar ta hatsi. A cikin wannan, jariri kilo 3 ne ko da ɗan ɗori. Mabiyiya ta ɗan wuce rabin kilo. Ruwan faya da jariri yake kwance a ciki ya kusa kilo 1. Mahaifa ita kanta, wadda kafin ciki ba ta fi dunƙulen hannu ba, tana yin girma da kauri har ta kai wajen kilo 1. Nono yana ƙaruwa da kusan rabin kilo. Jinin uwa yana ƙaruwa da fiye da lita 1, ga wani ruwan jiki kuma kamar lita ɗaya da rabi. Sauran, wajen kilo 3, kitse ne da jiki yake ajiyewa a cinya da ɗuwawu da baya.

Ki lura da wannan lissafi. Kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na jariri, kashi uku na uwa ne da gidan da jaririn yake zaune. Ƙarin jinin nan, shi ne abin da za ta jure zubar jini da shi ranar haihuwa. Kitsen nan kuwa rumbu ne. Allah ya shirya jikin mace ya yi ajiya tun tana da ciki, saboda shayarwa ta fi ciki cin ƙarfi. Manomin da bai cika rumbu da kaka ba ya san abin da zai tarar da bazara. Macen da ta haihu babu wannan ajiya, daga naman jikinta za ta biya nonon, shi ya sa za ka ga mai jego ta lalace kafin goyonta ya fara zama.

To, kilo nawa?

Amsar ta danganta da jikin da mace ta shigo ciki da shi. Likitoci suna haɗa nauyinta da tsawonta su yi lissafi. Ma'aunin da aka fi aiki da shi a duniya, wata babbar cibiyar likitoci ta Amurka ce ta fitar da shi a shekarar 2009. Mu ɗauki mace mai tsawon mita 1 da santimita 60 don misali. In kafin ciki nauyinta yana tsakanin kilo 47 da 64, jikinta daidai yake, ana so ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16. In ba ta kai kilo 47 ba, ramammiya ce, ita ce ta fi kowa bukatar ƙari: kilo 12 da rabi zuwa 18. Mai jiki, wadda take tsakanin kilo 64 da 77, kilo 7 zuwa 11 da rabi sun ishe ta. Wadda ta wuce haka, kilo 5 zuwa 9. Mai cikin tagwaye kuwa bukatarta ta fi ta kowa.

Mun sani yawancin matanmu ba su taɓa hawa sikeli ba sai da ciki ya kawo su, don haka ba su san nauyinsu na da ba. Ba komai. Abin da muka fi dubawa shi ne tafiyar nauyin daga wannan awo zuwa na gaba. A wata uku na farko, lokacin laulayi, ƙarin kaɗan ne, rabin kilo zuwa kilo 2, wasu ma sukan ɗan ragu saboda amai. Daga wata na huɗu zuwa haihuwa, mace mai matsakaicin jiki ya kamata ta riƙa ƙaruwa da kilo ɗaya da rabi zuwa kilo 2 kowane wata. In wata ya zagayo ba ta ƙaru da ko kilo 1 ba, akwai magana. Wani lokaci kuma mukan auna kaurin dantse da ɗan zare mai lamba, irin wanda ake auna yara da shi don gano tamowa. In dantsen mai ciki bai kai santimita 23 ba, mun san ta shigo cikin nan da yunwa a jikinta.

Wannan shi ne amfanin zuwa awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko tun ciki bai wuce wata uku ba. Wadda kunya ta sa ta ɓoye cikinta har wata bakwai, ta zo mana da lamba ɗaya, ba mu da wata da za mu gwada ta da ita.

Amsar da muka ba Inna

Mu koma kan tsoron tsohuwar nan, don shi ne tushen zancen. Abin da yake wuyar fita ranar haihuwa kan jariri ne. In kai ya wuce, sauran jiki yakan biyo cikin sauƙi, sai fa in jaririn ya yi girman da ya wuce misali. To, idan uwa tana cikin yunwa, ɗan abincin da ya isa wurin jariri, ƙwaƙwalwa ake fara ba. Jikinsa zai rame, hannuwa da ƙafafu kamar sillen kara, fata ta yamutse, amma kan ba ya raguwa sai ɗan kaɗan. Ke nan an hana uwa abinci, an samu ramammen ɗa, wurin da ake tsoro kuma yana nan kusan yadda yake.

An gwada wannan a ƙasar Gambiya, a ƙauyuka 28 na manoma masu fama da yunwar damina irin tamu. An riƙa ba mata masu ciki wani biskit na gyaɗa kullum, tun daga tsakiyar ciki har haihuwa. Sakamakon ya fito a 1997. Jariransu sun fi na sauran mata nauyi da wajen giram 136, a lokacin yunwa ma har giram 200. Kewayen kansu kuwa da milimita 3 kawai ya ƙaru, kamar kaurin ƙwayar hatsi. Jariran da ake haifa babu rai sun ragu da kusan rabi. Ƙarin abincin nan rai ya ƙara wa jariran, kansu kuwa da ƙyar ma za a ga bambanci.

Me yake kawo doguwar naƙuda ke nan? Sau da yawa ƙugun uwa ne bai gama buɗewa ba, saboda an yi mata aure tana ƙarama, ko kuwa ita ma tamowa ta tauye ta tun tana yarinya. Wani lokaci jariri ne ya kwanta a gicciye, ko ya zo da fuska ko kafaɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rage tuwo yake gyarawa. Abin da ya jawo wa ɗiyar ƙanwar Inna yoyon fitsari shi ne kwana ukun da ta yi tana naƙuda a gida, kan ɗa yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Da an kai ta inda ake fiɗa tun ranar farko, da labarin ya sha bamban. Naƙudar da ta ga fitowar rana ta ga faɗuwarta ba a haihu ba, ta wuce aikin gida. Yarinya mai cikin fari, da gajeriyar mace, da wadda aka taɓa yi wa fiɗa, su kam tun farko a shirya su haihu a asibiti.

Akwai wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani. Yarinyar da ta yi ciki tana da shekara 15 ko 16, ita ma ba ta gama girma ba. Jikinta da jaririn suna rabon abinci ɗaya. In an rage mata, an rage wa yara biyu.

Ƙaramin jariri ba sauƙi ba ne

Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, muna kiransa mai ƙarancin nauyi, ko bakwaini ne ko watanninsa sun cika. Ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumin jikinsa, sanyi yana kama shi ko da bazara. Ba shi da ƙarfin tsotso, yana fara shan nono sai ya gaji ya yi barci. Ciwon da ɗa mai ƙarfi zai jure, shi yakan tafi da shi tun kafin a yi suna ko arba'in. Waɗanda suka rayu, da yawa sukan taso a tsumbure. In mace ce, ta girma da ƙaramin ƙugu, ran da ta yi ciki sai wata tsohuwa ta ce a rage mata abinci. Haka abin yake zagayawa daga uwa zuwa ɗiya.

Uwa ma tana biya. Naƙuda aikin ƙarfi ne, ya fi yinin noma. Mahaifar macen da ta galabaita ba ta turo ɗa da kyau, bayan haihuwa kuma wadda jininta ya yi ƙasa, zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita.

Me za ta ci?

Ba mu cewa a sayo abincin gwangwani ko abin da sai a birni ake samu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga wata na huɗu, mai ciki ta ƙara ci ɗaya a kan abin da ta saba. In sau biyu gida yake ci, ita ta ci sau uku. In sau uku ne, ta ci sau huɗu. A watannin ƙarshe ciki yakan danne tumbi ta kasa cin mai yawa lokaci guda, sai ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wata ukun ƙarshen nan su ne lokacin da jariri yake tara yawancin nauyinsa: a wata bakwai bai fi kilo 1 da ɗan abu ba, kafin haihuwa sai ya ninka kusan sau uku. Abin takaici, lokacin ne kuma aka fi hana mata ci.

Fura da tuwo suna ba da ƙarfi, amma fura gaya, wadda aka tsinka da ruwa har ana ganin gindin ƙwarya, cika ciki kawai take yi. A zuba mata nono. A haɗa hatsi da abin da yake gina jiki: wake, ɗanwake, ƙosai, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, daddawa. Fara da ake soyawa da kaka abinci ce mai gina jiki sosai, busasshen kifi ma haka, ko ɗan kaɗan aka daka aka zuba a miya. Ganye kuma kullum: zogale, kuka, rama, yakuwa, tafasa, ganyen wake. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, in mai ciki ta samu kwano guda da rana, ta yi babban ci. Cokalin man gyaɗa ko man shanu a kan tuwonta yana ƙara ƙarfin abincin ba tare da ya cika mata ciki ba. Gishiri a sayi mai sinadarin ayodin, wanda yake hana maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha.

Ƙwai fa? A wasu gidaje ana hana mai ciki ƙwai, wai ɗan zai zama ɓarawo ko ya yi jinkirin magana. Mun karɓi haihuwar mata masu cin ƙwai da marasa ci, babu abin da ƙwai ya yi wa ɗan kowa sai alheri. Da damina ƙwan zabi ya fi kowane lokaci araha, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A dafa shi ya dahu sosai a ba ta. Gidan da yake da kaji, kafin a kai ƙwai kasuwa a cire na mai ciki.

Sai maganar zaƙi. Ana cewa zaƙi yana taruwa a cikin mace ya toshe hanyar haihuwa, don haka ake hana ta mangwaro, gwanda, dankali, dabino, a kuma jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci ta sha don ya fita. In rage sukari ne a shayi da barin lemun kwalba, mu ma mun yarda. Amma ƴaƴan itace ba su toshe komai, jiki yana bukatarsu. Jiƙe-jiƙen nan kuwa babu mai sanin ƙarfinsu. Wasu suna sa zawo su ƙara ramar da ita, wasu suna tayar da naƙuda mai tsanani kafin lokaci.

Shayi kuma, in za a sha, a bar tazara tsakaninsa da abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai yin jini. Abu mai tsami kamar lemun tsami, tumatir ko garin ƴaƴan kuka, shi yana taimakawa.

Zuwa ga maigida

Malam, wannan sashe naka ne, kuma in a majami'a ko a dandali ake karanta littafin nan, muna roƙo a karanta shi da ƙarfi.

A gidaje da yawa, kwanon maigida ake fara zubawa, da naman da ke ciki, sai na yara, sannan uwargida ta kankare tukunya. Ba za ta yi ƙorafi ba, kunya ba za ta bar ta ba. Kai ne za ka duba. In ka tsaya wurin mai tsire ran kasuwa, ka tuna akwai wadda ta fi ka bukatarsa a gida. In akwai kishiyoyi kuma kana tsoron a ce ka yi bambanci, ka kafa doka ɗaya ga kowa: duk wadda take da ciki ko goyo tana da ƙarin kwano. Yau ga wannan, gobe ga waccan.

Abinci rabin magana ne, ɗaya rabin aiki ne. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Macen da take ɗauko huɗu ko biyar daga rijiya kullum, ta yi surfe da daka, ta je itace, ta yi noma a gandu sannan ta wuce gamanarta, duk abin da ta ci a nan yake ƙonewa. Shi ya sa katin matan da cikinsu ya tsufa tsakanin watan Yuni da Satumba ya fi ba mu tsoro: aiki ya yi yawa, hatsi ya yi tsada, ga sauro. Ba mu ce ta kwanta ba, tafiya da aikin gida mai sauƙi suna da amfani. Amma jaki ko amalanke su ɗauko ruwa, a kai hatsi inji in akwai hali, ta samu ta kishingiɗa awa guda da rana. Wanda ya san matarsa za ta haihu da damina, tun da kaka ya ware mata wake da gyaɗa kafin a sayar, a kuma shanya ganye a inuwa a adana.

Zumuntar mata a ikilisiya da ƙungiyoyin adashi ma suna da abin yi. Kun fi mu sanin wace mai ciki ce mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba. Kwanon wake da hannu biyu na ɗebo mata ruwa sun fi doguwar gaisuwa.

Game da azumi, ko na watan Ramadan ko wanda ikilisiya ta sa, malamai da fastoci duk sun san an yi wa mai ciki rangwame in akwai tsoron cutuwa gare ta ko ga abin da ke cikinta. Wadda nauyinta ya tsaya ko jininta ya yi ƙasa, ta gaya wa malaminta ko fastonta abin da aka ce mata a wurin awo.

Tana ci, amma ba ta ƙaruwa

Wani lokaci gida yana iyakar ƙoƙarinsa, sikeli kuma ya ƙi motsi. A nan sai mu nemi ɓarawon da ke cikin rumbu. Na farko zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyinsa suna taruwa a mabiyiya su tare hanyar abincin jariri, ko da uwa ba ta jin zazzaɓi, kuma ya fi kama masu cikin fari. Don haka ake ba da Fansidar ƙwaya uku a wurin awo, daga wata na huɗu, da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Don haka kuma ake cewa ta kwana cikin gidan sauro kowane dare. Na biyu tsutsar ciki, ita ma ana ba da maganinta bayan wata uku na farko.

Na uku ƙarancin jini. Alamarsa gajiya, jiri, haki, farin tafin hannu da cikin ido, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa. Jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da ake ba ki, a sha ɗaya kullum har bayan haihuwa. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. In suna tayar miki da zuciya, ki sha da dare bayan tuwo. Mun sha jin cewa suna sa ɗa ya yi ƙato, wasu mata har ɓoye su suke yi a ƙarƙashin katifa. Jini suke yi miki, wanda za ki nema ranar da babu mai ba ki.

Tarin da ya wuce mako biyu, zawon da ba ya tsayawa, ko aman da ya hana ko ruwa zama, duk a zo a duba. Sai kuma kwanika. Macen da ta yi sabon ciki goyonta bai yi tafiya ba, ta shiga da rumbun da ba a sake cikawa ba. Shawarar likitoci ita ce a bar shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki.

Nauyin da ba na lafiya ba

A kula da wannan sosai. Akwai ƙarin nauyin da ruwa ne, ba jiki ba. In mai ciki ta ƙaru da fiye da kilo 1 cikin mako guda, fuska ta kumbura, zobe ya matse yatsa, musamman bayan wata na biyar, kada a ce ciki ya karɓe ta. Yana iya zama hawan jinin masu ciki, wanda yake kaiwa ga jijjiga. Ɗan kumburin ƙafa da yamma wanda yake saɓewa kafin safe, mata da yawa suna yi. Amma kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, waɗannan ba a kwana da su a gida. A kawo ta ranar, ko ba ranar awo ba ce, ko da dare ne. In awon jini ya kai 140 bisa 90, sai an bi ta a hankali har ta haihu.

Ƙiba mai yawa ma tana da nata haɗarin. Mun fi ganinta ga matan gari masu zama wuri guda, masu yawan shan lemun kwalba da shayi mai sukari da cin soye-soye. Tana jawo ciwon suga na masu ciki da hawan jini. A nan ne ake samun ƙaton jariri na gaskiya, mai kilo 4 ko fiye, wanda kafaɗunsa suke maƙalewa. Sau da yawa sugan da ya hau a jinin uwa ne yake kumbura shi, kuma ana gano wannan ta awon jini. Mai jiki ba za ta yi wa kanta horon yunwa da ciki ba. Ta bar kayan zaƙi na kanti, ta rage maiƙo, ta yawaita wake da ganye, ta riƙa tafiya kullum.

Kuma don Allah a nisanci ƙwayoyin ƙiba da masu tallar magani suke yawo da su a kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Ruwa suke tara wa jiki, su hau da jini da suga, su raunana garkuwar jiki. Mai ciki kada ta sha kowane magani sai wanda aka ba ta a wurin awo.

Katin awo

Duk ranar da kika hau sikeli, ki tambayi malama: "Kilo nawa ne yau? Wancan zuwan fa?" Haƙƙinki ne ki sani. In ba ki karatu, ki sa ɗan makaranta ya karanta miki a gida, a gaban maigida. Ki riƙa zuwa da tufafi marasa nauyi, ki sauke goyo kafin ki hau, don lambar ta zama taki ke kaɗai.

Yarinyar nan ta damina, mun daɗe muna magana da uwar mijinta ranar. Ba ta yarda da duk abin da muka faɗa ba. Abin da ta yarda da shi biyu ne: za ta bar yarinyar ta ci, mu kuma mun yi alkawari in naƙuda ta tashi a kawo mana ita, in ɗan ya ƙi fita akwai likitan fiɗa. Aka ba ta ƙwayoyin jini da Fansidar, ƙanin mijinta ya karɓi ɗebo ruwa. Kafin haihuwa ta ƙaru da kilo 4. Bai kai yadda muke so ba, an makara. Ta haifi ɗiya mace mai kilo 2 da giram 700, da kanta, kafin asuba. Da aka miƙa wa Inna jaririyar, ta juya ta, ta duba kai, ta duba ƙafafu, sannan ta tambaye mu ko ƙwan zabin nan mai jego ma tana iya ci.